Ku Tambaya Mu Amsa: Hedifon ɗin kawu mai ƙafa shida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni daga wani ƙauye nake rubutowa a wajen Ringim. Kawuna ne Allah ya yi wa rasuwa, to da ake rabon kayansa sai aka bar min wani tsohon hedifon an rubuta Stax SR-5 a jiki, da ɗan akwatinsa SRD-6, sai dai kan wayar ƙafa shida gare shi, ba ya shiga waya ba ya shiga rediyo. Mai gyaran rediyo na kasuwar garinmu ya ce in kawo ya guntule kan ya sa min na waya. In bayar ko kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta. Ɗan'uwa don Allah kar ka bayar. Ba wai mai gyaran bai iya aikinsa ba ne, abin ne ba irin wanda ya saba taɓawa ba, in ya guntule ya sa na waya ko ƙus ba za ka ji ba, ka yi asarar kan da samun irinsa sai an sha wuya.

Iyafis ɗin da muka sani maganaɗisu ne a ciki da 'yar waya a naɗe. Wannan naka babu maganaɗisu sam. Wata 'yar leda ce wadda silin gashi ma ya fi ta kauri nesa, an ɗame ta kamar fatar kalangu tsakanin faranti biyu masu ƙananan huji, sai a ɗura mata caji. Ka san yadda yara ke goga biro a ka ya ɗauki guntun takarda, ko mayafi ya riƙa tartsatsi da hunturu? To irin wannan wutar ce, farantin nan ya ja ta wancan ya tura ta, sai sauti ya fito. Shi ya sa yake buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 230 a tsaye kafin ya yi magana, wayarka kuwa ina za ta samo wannan.

Stax kamfanin Japan ne, tun 1960 suka fitar da na farkonsu SR-1, naka kuma na wajen 1975 ne, ka ga ya kai shekara hamsin. A 1982 suka fito da masu bolt 580 masu ƙafa biyar, ƙafa ta shidan da ke tsakiyar kan naka ita ke hana shi shiga soket ɗin masu 580, da gangan aka yi, wani dalilin ke nan da na ce a bar kan nan yadda yake.

Akwatin nan SRD-6 shi ne rai, shi ke ba hedifon ɗin wutar da yake buƙata. Ana jona shi a bayan amfilifaya ne, wajen da wayoyin lasifika ke fita, sannan hedifon ya shiga akwatin. Amma kafin ka kai akwatin kusa da soket ɗin wutar gida juya bayansa ka karanta. In ka ga 100V to kayan cikin Japan ne, wutarmu 230 ce, sai ka nemi taransfoma mai rage wuta, in ba haka ba ƙauri kawai za ka ji. Ni dai ba zan sa shi a ƙaramin janareta ba, gara sola da inbata mai kyau. Kuma kar a buɗe shi yana jone.

Babban abokin gabar hedifon ɗin a wajenmu ƙura ce, abin da ke da caji kuwa jan ƙura yake, in ta shige ciki sai ka ji yana tsiii ko kunne ɗaya ya yi ƙasa da ɗaya. Da damina ma laima na sa shi haka. In ka gama ji ka sa shi a leda ka ɗaure ka jefa a akwatin kaya, kar ka rataye a ƙusa. Kar ka hura masa iska da baki, kar a goge shi da fetur. Ranar farko in kunne ɗaya ya yi rauni bar shi jone da wuta na ɗan lokaci, tsofaffin sukan yi jinkirin ɗaukar caji. Matashin kunnen in ya ruɓe wannan mai sauƙi ne, baduku zai ɗinka maka na fata.

Batun sauti kuwa gaskiya in dum-dum ɗin majalisar matasa kake nema ba zai burge ka ba. Amma sa masa goge ko kukuma ko karatun mai murya, har jan numfashinsa za ka ji kamar yana zaune a tabarma ɗaya da kai. Sai dai ba ya rufa wa kowa asiri, tsohon kaset zai fito maka da shuuu ɗinsa duka, haka waƙar da ta sha yawo a WhatsApp. Kuma bayansa a buɗe yake, na kusa da kai yana jin abin da kake ji.

Ka koma ɗakin kawu ka sake dubawa, wanda ya sayi wannan da wuya a ce ba shi da amfilifaya, wataƙila tana can ƙarƙashin gado ko an riga an ba wani a rabon.