Wuraren shan shayi a Alkahira ga baƙo mai son hirar dare

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi mako biyu a Alkahira, kana neman inda za ka zauna da daddare ka sha shayi ka ga gari, ba ɗakin cin abincin otal ba. Abin da kake nema sunansa ahwa, wato teburin mai shayinsu, sai dai nasu da kujeru da ƙananan tebura har bakin titi.

Kowa zai tura ka Fishawi, cikin kasuwar Khan Khalili, dab da masallacin Husaini. Ka je, amma sau ɗaya ya isa. Wurin ya haura shekara 200, lungu ne matsattse da manyan madubai, kuma marubuci Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya sha zama a nan. Matsalarsa masu talla: kafin shayinka ya huce an kawo maka carbi da turare da agogo. Kuɗinsa ma na 'yan yawon buɗe ido ne, don haka ka tambayi farashi tun kafin a kawo. A tsakiyar gari akwai Café Riche a titin Tala'at Harb, tun 1908, da Hurriyya a Bab al-Luk. Dukansu tsofaffi ne masu tarihi, amma ana sayar da giya a ciki, gara ka sani kafin ka shiga.

Ainihin daɗin yana ahwar unguwa, wadda ko allon suna ba ta da shi. A nan yadda ka yi oda shi ne komai. Shayi iri biyu ne: kushari, ganye ne a kofi a zuba tafasasshen ruwa, ba ya da nauyi, sa'idi kuwa dafa shi ake yi har ya yi baƙi da ɗaci, ya fi kusa da namu na buta. Idan ka yi shiru za su cika masa sukari, sai ka ce "sukkar barra" a kawo maka shi daban. Gahawa kuma da sukarinta ake dafawa, ba a gyara ta daga baya: sada babu sukari, arriha ɗan kaɗan, mazbuɗ daidai, ziyada da yawa. Kada ka juya ta da cokali, kada ka shanye har ƙasa, garin yana kwance a gindin kofi. Karkade zoɓo ne, akwai mai zafi da mai sanyi. Hilba ita ce hulbarmu. Lokacin sanyi ka nemi sahlab, madara ce mai kauri da gyaɗa da kwakwa a sama.

In kana son jin Hausa, ka nufi Hayyul Ashir a Madinat Nasr, inda ɗaliban Azhar daga ƙasashenmu suke da yawa. Wuraren 'yan Sudan na can suna yin jabana, gahawa mai citta.

Ahwar unguwa galibi ta maza ce, kuma hayaƙin shisha ba ya yankewa, in da iyali kake ku zauna waje ko ku zaɓi na tsakiyar gari. Daren da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ahli ke wasa da Zamalek kuwa, in ba ka je da wuri ba, a tsaye za ka sha shayinka.