Tambaya da Amsa: Da gaske akwai wata duniya da ake ɓoye mana a bayan Rana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce. Ƙanina ya turo mini bidiyo a WhatsApp, wani Bature yana cewa akwai wata ƙatuwar duniya mai suna Nibiru da ta nufo mu, saura 'yan watanni ta iso, wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sani amma ta yi gum. Ya ce ba ma ganinta ne saboda tana laɓe a bayan Rana, har ya nuna hotunan da aka ɗauka da waya, ga Rana ga wata 'yar ƙwallo mai haske a gefenta. A ƙarshe ya ce ita ma tashar sararin samaniya da ake nunawa a talabijin shiri ne kawai. Ni ban yarda ba, amma da ƙanin nawa ya ce "to ke da me za ki ƙaryata, tunda su ke da na'urorin?" sai na rasa ta cewa. Yaya mutum irina zai gane gaskiya?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Tambayar ƙaninki ta fi bidiyon da ya turo daraja, don haka da ita zan fara. Kuskurensa guda ne: ya ɗauka NASA kaɗai ke da abin kallon sama. Akwai dubban mutane a Japan, Ostareliya, Rasha, Brazil, Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe waɗanda kallon sama sha'awarsu ce, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Da rana wani direba ne, wani likitan haƙori, wani ɗan fansho. Da dare ya fitar da madubin hangen nesansa tsakar gida. Ba masu duba nake nufi ba, kada a fahimce ni a baibai. Waɗannan aunawa suke yi, su rubuta, su ɗauki hoto, su kwatanta da na juna. Babu mai biyansu albashi, saboda haka babu mai iya ce musu su yi shiru. Kuma babban burin kowannensu shi ne ya riga kowa gano sabon abu, domin tauraruwa mai wutsiya sunan wanda ya fara ganinta ake raɗa mata.

Sau da yawa ma su ke riga hukumomin. A ranar 19 ga Yulin 2009, wani ɗan Ostareliya mai suna Anthony Wesley yana ɗaukar hoton duniyar Mushtari (Jupiter) daga gidansa sai ya ga wani baƙin tabo da babu shi a da. Wani abu ne ya faɗa wa Mushtarin. Shi ya sanar da masana, sannan aka juya manyan na'urori wajen. A 2019 Gennadiy Borisov, a yankin Kirimiya, ya gano tauraruwa mai wutsiya da ta shigo daga wajen gidan Ranarmu gaba ɗaya, wato Rana da duniyoyin da ke kewaya ta, da madubin da ya haɗa da hannunsa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Scott Tilley, ɗan Kanada. A Janairun 2018 yana farautar siginar wani tauraron ɗan'adam na sirri na gwamnatin Amurka mai suna Zuma, sai ya ci karo da wani daban, IMAGE, wanda ya ɓace wa NASA tun Disambar 2005. Wato mutumin da ya fita neman abin da gwamnati ke ɓoyewa shi ya tsinto wa NASA kayanta. Mutanen da ke bin sawun ƙarfen da bai wuce girman mota ba, su ne za a ɓoye wa duniya sukutum?

Ita Nibiru tsohuwar magana ce da ake sake wa riga. Sunan ya yaɗu ne daga wani marubuci, Zecharia Sitchin, a 1976. A 1995 wata Ba'amurkiya, Nancy Lieder, ta ce wasu halittu daga sama sun sanar da ita cewa baƙuwar duniyar za ta wuce ta kusa da mu a watan Mayun 2003. Mayu ya zo ya wuce. Aka ɗage zuwa 21 ga Disambar 2012, aka jingina da tsohuwar kalandar Maya, mutanen Amurka ta Tsakiya. Daga nan wani David Meade ya ce 23 ga Satumbar 2017. Idan kin lura da bidiyon ƙaninki, da wuya a ce an faɗi shekarar da aka yi shi, shi ya sa kullum "saura 'yan watanni".

Bari mu ɗauki maganar tasu da gaske mu yi mata lissafi. Sun ce girmanta ya ninka na duniyarmu sau huɗu. To ai muna da irinta guda biyu: Yuranus da Neftun, kowacce faɗinta kusan ninki huɗu na tamu. Neftun tana nesa da Rana da kilomita biliyan 4.5, amma wanda ya san inda zai duba yana ganinta da madubin hannu mai ido biyu, irin na masu kallon sukuwa. Duniyar Zuhal (Saturn) tana nesa fiye da kilomita biliyan 1, kuma da ido ƙuru-ƙuru ake ganinta tun zamanin kakanni. Duk abin da ke kewaya Rana, in ya zo daidai nisanmu, gudunsa ba ya wuce kilomita 42 a sakan guda. Ko mun ba Nibiru wannan gudun tun daga nesa, a wata 6 abin da za ta ci kusan kilomita miliyan 660 ne kawai. Kusan nisan Mushtari ke nan idan ta matso mu, kuma Mushtari na cikin abubuwan da suka fi haske a sama da dare. Ashe da yanzu Nibiru tana nan tana ƙyalli, makiyayi a daji ya riga Baturen bidiyon ganinta.

Sai batun laɓewa a bayan Rana. Wannan yana aiki ne in da mu a tsaye muke wuri ɗaya. Muna zagaya Rana sau ɗaya a shekara, don haka ɓangaren saman da ke bayanta yau, bayan wata 6 shi ne a kanmu da tsakar dare. Manoma sun san wannan ba tare da an koya musu a aji ba: Kaza da 'Ya'yanta tana ɓata a ƙarshen bazara saboda Rana ta zo saitinta, daga baya ta sake bayyana da asuba. Zara ma haka take yi, ta yi watanni a yamma bayan magariba, ta ɓace, ta dawo gabas a matsayin Gamzaki. Babu abin da ke iya zama a bayan Rana shekara da shekaru alhali yana tahowa wajenmu.

Akwai kuma lokacin da ake yaye labulen da rana tsaka. Waɗanda suke Gusau ko Katsina a ranar 29 ga Maris 2006 za su tuna husufin da ya rufe Rana ruf da hantsi, gari ya yi duhu, Zara ta fito fili. A irin waɗannan mintuna duk wani abu mai haske da ke kusa da Rana tona kansa yake. An sake yin irinsa a Amurka ranar 21 ga Agustan 2017, wata guda kafin ranar da Meade ya tsayar, miliyoyin mutane riƙe da kyamara. Babu wanda ya dawo da hoton baƙuwar duniya.

Wasu in an ƙure su sai su ce ai daga ƙarshen kudancin duniya kaɗai ake hango ta. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya wannan bai kamata ya ruɗe mu ba. Kano tana kan digiri 12 arewa, wanda ke nufin a tsawon shekara kusan dukkan sama tana bi ta kanmu, in ban da ɗan yanki a can ƙuryar kudu. Wannan yankin kuwa kullum yana saman mutanen Ostareliya, Chile da Afirka ta Kudu.

Hoton 'yar ƙwallon nan kuwa, ke ma za ki iya ɗauka gobe da safe. Hasken Rana ne ke tsalle tsakanin gilasan kyamarar waya ya sauka a wani gefen hoton. Kada ki kalli Rana da idonki, allon wayar kawai za ki duba, kuma kada ki daɗe. Ki karkata wayar dama, za ki ga ƙwallon ta gudu. Ki ɗaga, ta sake matsawa. Sai ki matsa har katanga ko reshen bishiya ya tare Rana ita kaɗai. Ƙwallon za ta ɓace nan take, ko da wurin da take fili ne fetal. Na taɓa yi wa wani maƙwabcina wannan gwajin a ƙofar gida da wayarsa. Ya karɓa ya juya ta sau uku da kansa, ya yi shiru, can ya ce, "To ai ni na riga na tura wa mutum ashirin."

Kada ki ɗauka ina cewa masu kallon sama don sha'awa ba sa kuskure. Suna yi, kuma akwai wanda ya ƙare da rayuka. A Nuwambar 1996 wani mutum a birnin Houston na Amurka ya ɗauki hoton tauraruwa mai wutsiya Hale-Bopp, ya ga wani abu mai haske a gefenta wanda bai gani a taswirar kwamfutarsa ba. Maimakon ya tambayi 'yan'uwansa, sai ya kira wani shirin rediyo na dare, labari ya bazu cewa jirgin baƙin halittu ne ke bin tauraruwar. Cikin 'yan kwanaki wasu suka duba taswira suka nuna cewa tauraro ne sananne, yana da lamba a kundi. Gyaran bai kai inda jita-jitar ta kai ba. A Maris 1997 aka sami gawarwakin mutum 39 na wata ƙungiyar addini mai suna Heaven's Gate a kusa da birnin San Diego na Amurka, sun kashe kansu da imanin jirgin zai ɗauke su. Hoto ɗaya daga mutum ɗaya ba hujja ba ne. Abin da ke ba kallon waɗannan mutane ƙarfi shi ne yawansu da rashin haɗin bakinsu: wani a Japan ya ce ya ga abu a wuri kaza, kafin gari ya waye wani a Italiya ya leƙa wurin. Mu da muke jiran shaidar ganin watan azumi mun san bambancin "wani ya ce an gani" da shaidu daga garuruwa daban-daban.

Haka aka yi da tauraruwar Elenin a 2011. Aka yi ta yayata cewa ita ce Nibiru. Leonid Elenin, ɗan Rasha mai sha'awar kallon sama, shi ya gano ta a Disambar 2010, kuma 'yar ƙarama ce. Tana matsowa kusa da Rana sai ta dagargaje, masu kallo a Ostareliya suna ɗaukar hotonta dare bayan dare har ta zama ƙura.

Tashar sararin samaniya ita ce mafi sauƙin gwadawa, don ko madubi ba kya buƙata. Tana shawagi a tsayin kusan kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90. Ki sauke manhajar Heavens-Above ko Stellarium, ki sa garinku, za ta gaya miki rana da minti da kusurwar da tashar za ta ɓullo. Bayan magariba ko kafin asuba ake ganinta, lokacin da mu muna cikin duhu ita kuwa Rana na haska ta. Haske ne fari tas, ba ya ƙyaftawa kamar na jirgin sama, ba shi da ƙara, yana ratsa sama cikin 'yan mintuna, wani lokaci ya dushe a tsakiyar tafiya idan ya shiga inuwar duniya. Masu madubi suna ɗaukar hotonta har a ga fukafukanta masu tara hasken Rana. Wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya shahara da ɗaukarta daidai lokacin da take gilmawa ta gaban Rana, abin da bai cika sakan guda ba.

Akwai inda madubin tsakar gida ba ya kaiwa. Ba za ki ga tutar da aka kafa a Wata a 1969 da shi ba, ko Hubble, babban madubin hangen nesa da ke shawagi a sararin samaniya, ba ya iya rarrabe abin da bai kai girman filin ƙwallo ba a can. Hotunan wuraren saukar sun zo ne daga kumbunan da ke zagaya Watan, har da na Indiya. Sannan akwai masana biyu a jami'ar Caltech ta Amurka, Mike Brown da Konstantin Batygin, da suka ce a 2016 wataƙila akwai duniya ta tara can nesa ƙwarai bayan Neftun. Masu bidiyo suna son cakuɗa wannan da Nibiru. Su waɗannan a fili suka buga lissafinsu suna neman a taya su nema, har yau ba a gan ta ba, kuma ko tana nan ba ta nufo mu ba.

Ki ce wa ƙaninki ya koma wa Baturen da tambaya uku: a wane ɓangaren sama take, kusa da wane tauraro, kuma da ƙarfe nawa za a gan ta daga garinku? Na tashar sararin samaniya kuwa ki samo amsar ukun da kanki a manhaja, ki zaɓi daren da babu hazo, in an ɗauke wuta ma ya fi, ki ba shi agogo ya riƙe.