Hukuncin Sayen Ingarma Don Barbara da Karɓar Kuɗi a Kansa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Nima ne a nan Akra, ina da 'yar barga da dawaki 4 a bayan gari, wajen hanyar Dodowa. Mu uku muka haɗa kuɗi za mu sayo ingarma daga Afirka ta Kudu, irin dawakin sukuwar nan da Turawa ke kira Thoroughbred. Shekararsa 5, ya ci tsere sau 4, sai ya samu rauni a jijiyar ƙafa aka ajiye shi. Bai taɓa hawa goɗiya ba. Dillali ya turo mana takardun asalinsa, ya ce ubansa da kakansa duk zakaru ne, 'ya'yansa ma haka za su fito, kuma cikin shekara 2 za mu mai da kuɗinmu daga masu kawo goɗiyoyi. Ya ce tsarin da ake yi a can shi ne mai goɗiya ba ya biya sai ta haihu, ɗan ya miƙe ya kama nono. To sai wani abokina ya ce ya ji a wa'azi kuɗin barbara haramun ne. Malam, mu saya ko mu fasa? In mun saya, yaya za mu yi da kuɗin?

Wani Alhaji, daga Nima.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya ji.

Doki kansa dukiya ce mai albarka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an ƙulla alheri a makwarkwaɗar dawaki har ranar alƙiyama, kuma Ibnu Umar ya ruwaito cewa ya sa an yi tsere a Madina: dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Don haka sayen ingarma, ko da da tsada, halal ne, muddin dokin sananne ne, an gan shi ko an siffanta shi siffar da ta kore jahilci, kuma mai sayarwa yana iya miƙa shi. Asali ma siffa ce da ake ƙara kuɗi saboda ita. Waɗannan dawaki ana rubuta nasabarsu a Ingila tun 1791, kuma tsatsonsu ta wajen uba yana tuƙewa ga ingarmu uku da aka kai can daga ƙasashen gabas, ɗaya daga cikinsu daga Halab aka ɗauko shi a 1704. Abin da aka rubuta, ake iya bincikawa, ba garari ba ne, wato ba ciniki ne a kan abin da ba a da tabbacinsa ba.

Gararin yana cikin bakin dillali, inda ya ce 'ya'yan za su zama zakaru. Wannan ba ya cikin abin da kuke saye, kuma ba ya halatta a sa shi sharaɗi a ciniki. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Sa'idu ɗan Musayyib cewa an hana sayar da abin da ke cikin cikkunan mata na dabbobi da abin da ke tsatson mazansu. Hausawa ma sun san wannan, shi suke kira cinikin biri a sama. Ku sayi doki mai ƙafa huɗu da kuke gani. Fatan da kuke yi a kan zuriyarsa naku ne, ku za ku ɗauki nauyinsa, in ya tabbata ku gode wa Allah, in bai tabbata ba babu wanda za ku bi bashi.

Na san za a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma masu wannan sana'a a ƙasashen da ta kafu sun sha ganin albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wani doki a Amurka mai suna Cigar ya ci tsere 16 a jere, har da babbar gasar Dubai ta farko a 1996. Da aka ajiye shi don barbara, an kawo masa goɗiya 34, ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba. Wani kuma, Snaafi Dancer, an saye shi yana ɗan shekara ɗaya a 1983 a kan dala miliyan 10.2 saboda sunan ubansa, bai taɓa shiga fagen tsere ba, a barbara ma bai tsinana komai ba. Sai ga Danzig, wanda sau 3 kacal ya yi tsere ciwon gwiwa ya tsayar da shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan ubannin dawaki na ƙarnin da ya wuce. Masu biliyoyi da likitoci da littattafan nasaba ba su iya sanin gaibu ba, balle dillalin da ke jiran la'adarsa. Sannan ka yi lissafin lokaci. Goɗiya wata 11 take ɗauke da ciki. In ya hau bana, baɗi za ta haihu, kuma ɗan ba zai shiga fage ba sai ya kai shekara 2. Kafin a ce ingarman nan yana ba da 'ya'ya masu gudu ko ba ya bayarwa, sai an yi shekara 4 ko 5 kuna sayen harawa da dusa da magani. Maganar shekara 2 ba ta da tushe.

Yanzu ga asalin mas'alar, wato kuɗin barbara.

Buhari ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi ya hana kuɗin barbarar namijin dabba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ya hana sayar da barbarar raƙumi. Hadisan ingantattu ne, babu mai musu a kansu. Da zahirinsu Hanafiyya da Shafi'iyya da mafi yawan Hanbaliyya suka yi riƙo, suka ce babu sayarwa babu haya, domin ruwan namiji ba a san yawansa ba, ba a iya miƙa shi, kuma hawan yana ga ganin damar dabbar. Sun ƙara da cewa wannan abu ne da ya kamata Musulmi su riƙa yi wa juna kyauta, domin a hadisin Jabir da ke Muslim an lissafa ba da aron namiji don barbara cikin haƙƙoƙin da ke kan mai dabbobi. Abin da suka yarda da shi kawai shi ne tukuici ba tare da sharaɗi ba, saboda hadisin Anas a Tirmizi: wani mutum daga ƙabilar Kilab ya ce, ya Manzon Allah, mukan ba da namiji ya yi barbara sai a girmama mu da kyauta, sai ya yi masa rangwame a kan kyautar.

Haka muka taso muka gani a zango. Mai ingarma ba ya yanka farashi. A kawo goɗiya, in an gama a aiko masa da ƙwaryar goro ko damin harawa, a yi addu'a a watse. Har yau ina ganin wannan ya fi kyau ga maƙwabcin da ke da goɗiya ɗaya da yake hawa ranar Sallah, kuma ina roƙonku kada ku rufe wa irinsa ƙofa.

Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a wannan yanki, ya fassara hanin da wata sura ta musamman: a yi jinga a kan sai goɗiya ta ɗauki ciki. Wannan ita ce haramun, domin ɗaukar ciki ba ya hannun mai ingarma, ba ya hannun mai goɗiya. Tana iya ɗauka a hawan farko, tana iya ƙin ɗauka har ingarman ya gaji a banza, dole ɗayansu ya cutu. Amma a yi hayar ingarma na lokaci sananne, kamar kwana 3 ko mako guda, ko adadin hawa sananne, kamar sau 2 ko sau 4, a kan kuɗi sananne, wannan ya halatta. Shehu Halil ya faɗe shi a fili a Muhtasar, a cikin cinikayyar da aka hana, ya ƙara da cewa in ta ɗauki ciki kafin a cika adadin to hayar ta warware, kuma masu sharhi suka ce sai a biya gwargwadon abin da aka amfana. A da alamar ita ce goɗiya ta ƙi ingarma. Yanzu likitan dabbobi yana iya dubawa da na'ura bayan kamar mako 2.

Wannan fahimta ita nake ba da fatawa da ita, ba don ita ce ta gida kawai ba. Illar da sauran malamai suka ambata ita ce jahilci da rashin iya miƙawa, kuma idan aka ƙayyade kwanaki ko adadi, in bai hau ba babu biya, illar ta kau. Ga kuma buƙata: ingarma irin wannan cinsa da maganinsa da mai kula da shi kuɗi ne masu yawa kowane wata, in aka ce dole sai kyauta babu mai ajiye shi, iri mai kyau ya yanke. Kuma su waɗannan dawaki ba a rubuta ɗa a littafin nasabarsu sai in ingarman da kansa ya hau, ba a karɓar ɗan da aka samu ta hanyar ɗura wa goɗiya ruwan ingarma da allura, don haka ainihin abin da ake biya shi ne hawan, abin da ido ke gani ake iya ƙirgawa. Wanda duk zuciyarsa ta fi natsuwa da zahirin hadisi ya tsaya ga tukuici, ya yi abin da ya fi tsentseni, kuma ba na ce masa ya yi kuskure ba.

Da wannan ka ga hukuncin tsarin da dillali ya kawo muku. Ba a biya sai ta haihu ɗan ya miƙe ya kama nono: wannan ita ce surar da Malik ya hana, har ta zarce ta, domin an rataya kuɗin ba a kan ciki kawai ba, a kan wata 11 na abin da Allah kaɗai ya sani, ɓari ko ciwo ko sakacin mai goɗiya. Na fahimci cewa a can ana yin haka don a sauƙaƙa wa mai goɗiya, kuma niyyar ba mummuna ba ce. Amma a nan mazhabobi huɗu sun haɗu: uku sun hana tun daga tushe, Malik ya hana wannan sura. Kada ku rubuta shi. Ku rubuta kuɗi kaza a kan hawa kaza. In goɗiyar mutum ba ta ɗauka ba, kuka ga dama kuka ce ya dawo da ita baɗi kyauta, wannan alheri ne daga gare ku, muddin ba a sa shi sharaɗi a takarda ba, ba kuma a yi alkawarinsa lokacin ƙulla jingar ba.

Akwai abin da nake jin tsoro a kanku fiye da wannan, shi ne algus. Ɗan da aka haifa tsakanin ingarmanku da goɗiyar gida ba Thoroughbred ba ne, ba za a rubuta shi ba, sai in uwa da uba duk rubutattu ne. Ruwa biyu ne, yana iya yin kyau ƙwarai, yana iya fin uban jure ƙasarmu, amma a kira shi da sunansa. Kada ku maimaita wa masu goɗiyoyi abin da dillali ya faɗa muku. Ku ce: ga takardunsa, ga tseren da ya ci, ga raunin da ya samu, bai taɓa haihuwa ba, wannan ne karonsa na farko. Annabi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Raunin nan ma a bincika shi, domin in faɗuwa ce ta jawo shi wannan daban, in kuwa karkatar ƙafa ce ta halitta to ana gadonta, kuma ɓoye ta ga mai goɗiya ɓoye aibi ne.

Kafin ku ba da ko kafin alƙalami, ku sa likitan dabbobi naku, ba na mai sayarwa ba, ya duba shi, ya gwada ruwansa, ya duba takardun rigakafinsa. Ya halatta ku sharɗanta cewa ciniki bai ƙullu ba sai bayan wannan gwaji, domin siffa ce da ke nan yanzu ake iya sani. In mai shi ya san ba ya haihuwa ya ɓoye, alhali ya san don barbara kuke saye, kuna da haƙƙin mayarwa. Masu Cigar kamfanin inshora ne ya biya su dala miliyan 25, amma ku wannan ƙofa ba taku ba ce, domin majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta, sai ta taimakekeniya. Saboda haka binciken farko shi ne garkuwarku.

Ku tuna kuma da ƙasar da za ku kawo shi. Kakanninmu da suka riƙa gangarowa da dawaki ta Salaga sun san kurmin Asante kabarin doki ne saboda ƙudan tsando da sammore. Filin Akra ya fi sauƙi, amma akwai ciwon dawakin Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, wanda ke kashe mafi yawan baƙin dawakin da ba su da rigakafi. Dabbar da kuka rabo da ƙasarta amana ce: barga mai iska da raga, ruwa mai tsabta, kuma kada kwaɗayin mai da kuɗi ya sa ku ɗora masa goɗiyoyi fiye da ƙarfinsa. Ku zauna ku ƙirga goɗiyoyin da masu su za su iya biya, da sunayensu, daga Nima zuwa unguwar Madina ta Akra zuwa Ashaiman har wajen 'yan folo. In ba su cika yatsun hannu biyu ba, kun san amsar tambayarku ta farko.

Tarayyarku ku uku ta halatta, riba da asara gwargwadon kuɗin kowa, kuma kada ɗayanku ya lamunce wa sauran uwar kuɗinsu. A rubuta, a sa shaidu. Dokin kansa babu zakka a kansa tunda ba don sayarwa kuka ajiye shi ba, amma kuɗin da ya shigo in ya kai nisabi ya shekara a hannu za a fitar. Wanda ya kai ɗan dokinsa inda ake caca, zunubin cacar nasa ne. Ku dai kada ku sa ko sidi ɗaya a ciki.

Allah ne mafi sani.