Likita na amsa tambayoyinku: jaririn da yake kashi ta gefen ciki

Tambaya: Slm likita, an haifi yarona ba shi da dubura, kwanansa 2 aka yi masa tiyata aka fito da hanjinsa ta gefen ciki, yanzu ta nan yake kashi. Dan Allah haka zai zauna har ya girma? Uwar mijina sai cewa take wai irinsu ba sa rayuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Wannan aikin kolostomi ake ce masa, kuma a jarirai yawanci na wucin gadi ne. Kusan jariri 1 cikin 5,000 ake haifa da wannan matsala, ba wani abu kika ci ba, ba kuma laifinki ba ne, kuma suna rayuwa su girma da ikon Allah. Idan ya yi ƴan watanni ya ƙara nauyi za a yi masa aikin gyara dubura, a koya miki yadda za ki rinƙa buɗa sabuwar duburar da wani ɗan ƙarfe don kar ta tsuke, daga baya a mayar da hanjin ciki a rufe. Abin da yake damuna gaskiya shi ne iyayen da suke ɓacewa bayan aikin farko saboda yaro ya samu sauƙi. Ki riƙe ranar kilinik ɗinki.

Tambaya: Likita, ƴata ma an yi mata wannan aikin, fatar da ke kewaye da wajen da aka fito da hanjin ta yi ja har tana saɓewa, ledar da ake liƙawa ta yi mana tsada, pampas da tsumma nake sa mata. Kakarta ta ce a gasa wajen da ruwan zafi.

Amsa: Kar a gasa, dan Allah. Kashin ne yake cin fatar idan ya daɗe a kanta, ruwan zafi kuma ƙona hanjin zai yi ita ba za ta ma ji ba, domin hanjin ba ya jin zafi kamar fata. Rashin leda ba abin kunya ba ne, uwaye da yawa da tsumma suka rene nasu lafiya lau. Duk lokacin da ta yi kashi ki wanke da ruwa mai ɗumi da auduga, ki ɗan daddanna har ya bushe kar ki goga, sai ki lafta man zinc oxide ko basilin da kauri a fatar kewaye, ki rufe da tsumma mai laushi wanda aka wanke aka shanya a rana. Ban da Dettol, ban da sifirit, ban da hoda ko garin magani. In kin samu ledar, ki yanka bakinta daidai girman hanjin, ki zubar da abin da ke cikinta in ya kai ɗaya bisa uku na ledar. In kin ga ƙananan ƙuraje jajaye sun bazu ki nuna wa nas, irin waɗannan ƙurajen wani man shafawa daban suke so.

Tambaya: Ina iya goya shi da yi masa wanka? Kuma wani lokaci ina ganin ɗan jini.

Amsa: Ki goya abinki, kawai kar ki ɗaure majanyi tamau a kan wajen. Wanka ma babu matsala, nono kuma ki ba shi sosai. Ɗan jini a jikin auduga lokacin wankewa ba komai ba ne. Lafiyayyen hanji ja ne jawur mai danshi, amma in ya koma baƙi ko ya yi fari fat, ko ya zazzago ya yi tsawo, ko jinin ya ƙi tsayawa, ko kashi ya tsaya ciki ya kumbura yana amai kore, ko gudawa kamar ruwa har ya rage fitsari, to ki ɗauke shi zuwa asibitin da aka yi aikin ko da tsakar dare ne, kar ki jira gari ya waye.