An ce min Core i7 ce mai girafik gig 8: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Wata goma sha ɗaya ke nan ina tara kuɗi daga ɗan aikin buga wa mutane furojet da nake yi, don in mallaki kwamfutar tebur wadda zan yi aiki da ita in kuma buga gem, musamman FC 24 da GTA V. Shekaranjiya aka nuna min wata tokumbo a wani shago, siririya irin ta ofis. Mai shagon ya ce Core i7 ce, Ram gig 16, girafik gig 8, har ya buɗe wani shafi na ga 8 ɗin da idona. Na kwafi abin da ke rubuce: i7-6700, Intel HD Graphics 530. Kuɗinta zai cinye duk abin da na tara. Hankalina bai kwanta ba, domin bara abokina ya sayi irinta, ƙwallo na tafiya tana tsayawa, da ya koma shagon aka ce masa birus ne. In na yi kuskure ba ni da kuɗin sake wata. Don Allah in saya ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka biya. Allah ya yi maka gyadar dogo da ka kwafi sunayen nan biyu a takarda, domin su suka cece ka. Wannan kwamfutar ba ta da katin girafik kwata-kwata. Intel HD Graphics 530 ɗan ɓangare ne da ke cikin furosesar kanta, an yi shi don aikin ofis da kallon bidiyo. Ita ce cutar kwamfutar abokinka, ba birus ba.

Gig 8 ɗin da ka gani da idonka kuwa, ga inda ta fito. Windows kan ba wa girafik izinin aron Ram har zuwa rabin abin da ke cikin na'ura. Ram ɗinta 16 ce, rabinta 8 ke nan. Da za ka cire sanda ɗaya a gabansa ta koma gig 8, nan take "girafik" ɗin zai koma gig 4. Ka koma shagon ka ce a buɗe Task Manager, a shiga Performance, a taɓa GPU. In akwai kati na gaske za ka ga layin da ke cewa Dedicated GPU memory, wannan shi ne na katin, nasa na kansa. Wanda ke cewa Shared GPU memory aro ne. A irin wannan na'urar, in ka duba ta dxdiag, shafin Windows mai nuna bayanan na'ura, nata na kanta bai kan wuce megabait 128 ba. Shafin da ya nuna maka jimla ce ta haɗa na gida da na aro, shi ya sa ya zaɓe shi.

Babu satin da zai wuce ba a kawo min irin wannan ba, kuma abin yana ci min rai. Yaro zai shigo da kwamfuta rungume a ƙirji, ya ɗauko ta a Keke tun daga Tudun Wada ko Kongo, ya ce a duba masa, i7 ce mai gig 8 amma ba ta jan ƙwallo. Kafin in kwance kusa ko ɗaya nakan juya bayanta. In ramukan da ke ƙasa duk a rufe suke da ƙarfe, kuma wayar monita a jikin madabod take, wato babban faifan da komai ke jone a kansa, an gama magana. Sai in rasa ta inda zan fara gaya masa. Akwai wanda da na nuna masa ya zauna a benci ya yi shiru ya fi minti goma, daga baya ya ce min keken ɗinkin mahaifiyarsa aka sayar aka cika masa kuɗin.

Tushen matsalar shi ne an koya wa yaranmu auna girafik da yawan gig, kamar ana auna hatsi da tiya. Gig wurin ajiya ne kawai. Ka shiga cikin birni wajen masu aikin babbar riga ka gani: faɗin tabarmar da mutum ya baza zare a kai ba shi ke fitar da aska takwas ba, hannun mai ɗinkin ne. In ka ba ɗan koyo tabarma mai faɗin ɗaki, aikin ɗan koyo zai yi maka. Abin da ke zana hoton gem sau sittin a daƙiƙa shi ne ƙwaƙwalwar katin da kuma saurin da take ɗebo kaya daga ma'ajiyarta. Ram irin ta wannan kwamfutar, ko sanda biyu ce, saurinta bai wuce gig 34 a daƙiƙa ba, kuma furosesa na rabawa da ita. Katin girafik GTX 1050 Ti, wanda ya fito tun 2016, yana ɗebo gig 112 a daƙiƙa shi kaɗai. RX 580 na 2017 yana kai 256. Ka ga ko ba ka san komai ba, tazarar ta fito fili.

Wannan ruɗin na gig shi ya haifi wata sana'ar a kasuwa. Za ka ga GT 730 a kwali mai ƙyalli an rubuta 4GB da manyan baƙaƙe. Gig 4 ɗin gaskiya ce, amma katin na 2014 ne, ma'ajiyarsa DDR3 ce mai nawa, tun ranar da aka ƙera shi ba don gem aka yi shi ba. GTX 1050 mai gig 2 ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai kuma na jabu, wanda ya fi muni: a ɗauki tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa rubutun da ke cikinsa, Windows ta riƙa karanta shi a matsayin GTX 1050 Ti mai gig 4. Alamarsa ta farko ramin VGA mai ruwan bula a bayansa, domin 1050 Ti na asali ba ya fitar da VGA kai tsaye. Ta biyu, ka sa manhajar GPU-Z a filas ka tafi da ita, kyauta ce, takan rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan. Duk mai shagon da ya hana ka sa ta, ka yi masa sallama ka fita. Ba a cinikin biri a sama.

Wasu masu shagon su ma ba su sani ba, haka suka ji, haka suke faɗa. Amma wanda ya san shafin da zai buɗe ya nuna 8, ya kuma san wanda zai kauce wa, ya san abin da yake yi. Ya zo a cikin Sahih Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu a cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ɓoye layin Dedicated a nuna wa yaro jimla, jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙasan buhu. 'Yan uwana masu wannan sana'a, ku ji tsoron Allah. Ku ce masa ta ofis ce, mai kyau ce a aikinta, zai saya ko ya turo wani. In kuma ya dawo da kuka, ku daina ɗora wa birus laifi kuna karɓar kuɗin fomatin a kan ciwon da kuka san ba zai warke ba.

Ita ma kalmar i7 haka ake wasa da hankali da ita. Sunan gida ne, ba ya gaya maka shekarun ɗa. Lambar da ke biye ita ce magana: i7-2600 ta 2011 ce, i7-4770 ta 2013, taka ta 2015. Core i3-12100 ta 2022 ta fi su duka ukun gudu. Furosesar taka ba ta lalace ba, in an haɗa ta da kati za ta iya ɗaukar FC 24, domin mafi ƙarancin abin da EA, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta nema shi ne i5-6600K ko Ryzen 5 1600, Ram gig 8, da GTX 1050 Ti ko RX 570 mai gig 4. Sai dai ka sani Windows 11 a hukumance daga jenareshon na 8 take farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba, 2025. Bai kamata ka zuba duk jarinka a jenareshon na 6 ba.

To yaya za ka yi da kuɗinka? Ka fara da kati, shi za ka ware wa kaso mafi tsoka, kusan kashi 40 cikin 100, sauran su biyo baya. Don ƙwallo da GTA V a monita mai 1080, GTX 1650 ko GTX 1060 mai gig 6 ko RX 580 mai gig 8 sun wadatar. In aljihu ya kai, GTX 1660 Super ko RX 6600 za su daɗe maka. Furosesa, i5 jenareshon na 8 zuwa sama, ko Ryzen 5 3600. Ni na fi karkata ga Ryzen a madabod ɗin AM4, domin gobe in ka samu kuɗi za ka ɗora Ryzen 5 5600 ba tare da sauya madabod ba, sai dai sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod ɗin. Ram gig 16, sanda biyu masu takwas-takwas. SSD dole ne, ko da gig 512 ce, FC 24 kaɗai tana neman gig 100. Fitilu masu launi da akwatin gilas, ka bar su sai wata shekara.

In kuɗin ba za su kai ka haɗa daga tushe ba, hanyar ta ofis ɗin ma tana ɓullewa, amma ka nemi mai babban akwati, i5 ta wadatar, rarar da ka samu ka sa a kati. Siririyar da aka nuna maka gajeren kati kawai take ɗauka, fawa fak ɗinta, wato akwatin da ke raba mata wuta, tsakanin wat 180 zuwa 250 ne, kuma yawancinsu filoginsu na kamfanin ne, ba ka iya sauya shi da na kasuwa kai tsaye. Abin da zai zauna a cikinta shi ne irin gajeren 1050 Ti ko 1650, masu shan wat 75 daga ramin madabod, su kuma samunsu sai an tona.

Kati na hannu, a gwada shi a gabanka. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022 kasuwannin duniya suka cika da RX 580 da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Wasunsu lafiya lau suke. A kunna gem ko manhajar gwajin kati ta FurMark na minti ashirin, ka sa ido a kan zafi, ka saurari fanka. In ka ga ɗigo-ɗigo ko zane-zane a hoto, ko allo ya yi baƙi, ko zafi ya haura digiri 85 ya ci gaba da hawa, ka mayar. Ka lura kuma da RX 580 mai ɗauke da 2048SP a sunansa, wannan ƙarfinsa na RX 570 ne, kada ka biya kuɗin 580 cikakke. A rubuta maka lambar katin da kwanakin garanti a rasit.

Fawa fak kuwa, nan ne araha ba ta ado. RX 580 shi kaɗai yana shan wat 185. Waɗannan marasa nauyi da ake rubuta wa 500W ko 650W a sitika, ka ɗaga da yatsu biyu, ba su ba da abin da aka rubuta, kuma in za su mutu sukan tafi da madabod da kati. Na sha buɗe akwati warin ƙonewa ya buge ni. Ka nemi na kamfanin da aka sani, irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, wat 500 zuwa 550, mai nasa filogin kati a jiki. Kada a haɗa maka da 'yar wayar juyi daga filogin had dis.

Ka kuma san garin da kake. Wuta na zuwa da rauni, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Ka ware kuɗin sitabilaiza tun cikin lissafin farko, UPS in da hali, kuma da an ɗauke wuta ka zare filogi daga bango. Ƙaramin janareta kada ka jona ta kai tsaye. Kada ka ajiye ta a ƙasa, ɗora ta a tebur. Hunturu na shigowa ƙura za ta toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe, nan ne take fara kashe kanta tsakiyar wasa. Duk wata biyu ka buɗe gefe ka bi ta da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta.

Kafin ka sake zuwa kasuwa, ko PZ ce ko Sabon Gari ko Kaduna za ka gangara, ka rubuto min cikakken sunan furosesa, sunan kati da abin da GPU-Z ta nuna, da sunan fawa fak. Shi ma abokin naka ka ce ya duba girman akwatinsa da wat ɗin da ke rubuce a fawa fak ɗinsa, mai yiwuwa ɗan kati guda ne zai tashi kwamfutar tasa ba sai ya sayar da ita a faɗuwa ba.