Mai gyara ya cire wa keken mahaifina birkin gaba, in ci gaba da hawa haka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin Adaidaita Sahu ke cinye mini albashi tun wata bai raba ba. Shi ne na zaro tsohon keken marigayi mahaifina, Raleigh mai birkin sanda (irin birkin da sandunan ƙarfe ke ja daga hannu zuwa taya), wanda ya yi shekaru jingine a zaure, don in riƙa zuwa aiki daga Hotoro zuwa Fagge. Na kai shi wurin wani mai gyara a unguwarmu, ya sa sabon tib, ya malala wa sarƙa baƙin mai, sannan ya kwance birkin gaba ɗungurungum, wai shi ke kifar da mutum. Shekaranjiya wani mai Adaidaita ya tsaya mini ba zato, na matse birki iya ƙarfina amma keken ya ci gaba da sulalewa, sai da na ja ƙafa a ƙasa. Tun ranar gabana ke faɗuwa. Keken ne ya tsufa in haƙura da shi, ko me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Kekenka bai tsufa ba. Raleigh na Nottingham ne a Ingila, kuma a da har a nan Kano ana harhaɗa shi. Ƙarfen wancan zamanin, in dai tsatsa ba ta huda shi ba, zai kai ka ritaya. Ka wanke shi, ka bi duk wata mahaɗa da ido ka ga ko akwai tsaga, ka kuma tsaya daga gefe ka duba ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba. In sun lanƙwashe baya, keken ya taɓa karo, canza su za a yi, kada ka yarda a gasa su da wuta a miƙe. In duk wannan lafiya, matsalarka ɗaya ce, kuma mai gyaranka ne ya jawo maka ita.

Wallahi maganar nan ta birkin gaba ta ishe ni. Ni ma gyaran keke ne sana'ata, kusan kullum sai an kawo mini keken da aka yi wa wannan aika-aika, kuma mai shi yana faɗa da alfahari, kamar wanda aka yi wa rigakafi. Kai da ka saba shiga Adaidaita, in direba ya taka birki ina jikinka ke yi? Gaba. To haka nauyin keke da na mai shi ke komawa kan tayar gaba da zarar an matse birki. Tayar gaba ta danne kwalta ta kama, ta baya kuwa ta yi shafal. Komai ƙarfin da ka matse ta da shi, iyakarta ta daskare ta yi ta jan ƙasa, keke na tafiyarsa. Abin da ya same ka shekaranjiya ke nan. A busasshiyar kwalta, wanda ke da birkin baya kaɗai yakan ci kusan ninki biyu na tazarar da mai amfani da na gaba zai ci kafin ya tsaya. A titin Kano, wannan tazarar ita ce bayan motar wani.

Ban ce ba a taɓa faɗuwa saboda birkin gaba ba. Ana faɗuwa, amma ka tambayi wa ya faɗi. Wanda bai taɓa amfani da shi ba ne, ranar da ya firgita ya finciko shi lokaci ɗaya, hannuwansa a sake, jikinsa ya zame gaba. Ko wanda ya matse shi yana tsakiyar shan kwana a cikin yashi. Rashin iyawa ne wannan, maganinsa koyo. Balle ma irin kekenka, dogo ne mai nauyi, sirdinsa can baya, birkin sanda kuma dama ba wani kamu mai tsanani gare shi ba. Kafin ya ɗaga ka ta saman kai sai ka yi da gaske.

Ga kuma abin da masu cire birkin ba sa faɗa maka. Sandar birkin baya doguwar tafiya take yi, daga hannu ta gangaro ta bi ƙarƙashin keke ta ratsa mahaɗai da yawa kafin ta isa taya. Noti ɗaya ya kwance a hanya, shi ke nan. In kana da na gaba ka tsira. In an cire maka shi fa? Kwanaki wani mai tallan burodi ya zo mini, akwati tim a kariya, na lura silifas ɗinsa na dama ya cinye har ana hango tafin ƙafa. Ashe tun da notin birkin bayansa ya faɗi, da silifas yake danne taya. Na tambaye shi na gaba, ya ce ai wani mai gyara ya cire masa tun bara, don lafiyarsa.

Gaskiyar da na sani a sana'ar nan ita ce, daidaita birkin sanda aiki ne mai cin lokaci. Robarsa ba gefen wili take kamawa ba, cikinsa take jawowa sama, ta wajen da wayoyin wilin suke. Don haka dole wilin ya zama da'ira sosai, ba ya tsalle, ba ya layi. Sai mutum ya zauna ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa yana sassautawa. Rago ba zai yi wannan ba a kan ɗan kuɗin da za ka ba shi. Ya fi masa sauƙi ya kwance birkin ya jefa a akwatinsa, ya ba ka labarin wani da ya karye, jibi kuma ya sayar wa wani da kayan. Ran mutum ne fa a hannunmu, kuma za a tambaye mu. Ka koma ka karɓo sandunanka da sauran tarkacen, gobe ba jibi ba.

In an mayar, a sa sabuwar roba gaba da baya, domin ta zamanin Baba ta bushe ta zama dutse. Kada kowa ya ɗiga wa robar birki mai don tana ƙara, wannan ma wata masifar ce. Sai ka samu fili mai tauri da ba motoci, ka miƙe hannuwa, ka ja jiki baya a sirdi, ka riƙa matse biyun tare a hankali kana ƙarawa. Kwana biyu ya ishe ka. A yashi ka fi dogara da na baya. Da damina kuma ka sani wilin ƙarfe in ya jiƙe, sai taya ta juya sau da yawa kafin roba ta kama, don haka ka fara matsewa tun daga nesa.

Saura ba wuya. Baƙin man nan cike yake da datti, ƙurar hunturu ta hau kansa ya zama kamar yashi yana cin sarƙa. A wanke da kalanzir, a ɗiga sabon man inji kaɗan, a goge da tsumma. A buɗe tsakiyar tayoyi da wurin feda a duba boris, a sa sabon giris. Wajen sayen taya ka kula: taka 28 x 1½ ce, mai lamba 635 a jiki. Akwai wata da ke zuwa da kekunan gwanjo, ita ma wani lokaci 28 ake rubuta mata, amma lambarta 622, ba za ta shiga ba ko za ku kwana kuna kokawa. Iska kuma a duba duk mako, taya mai laushi ita ce abincin mai faci.

Tunda da sassafe kake fita, wataƙila ma ka kai magariba, ka sa farar fitila a gaba, ja a baya, irin masu cajin nan. Ƙararrawa, famfo, kayan faci da makulli mai kauri su zama ba ka rabuwa da su, hular kwano ma ka nema. Amma duk waɗannan suna iya jiran albashi. Har sai an mayar da birkin nan, ka jingine keken a zaure ka ci gaba da biyan Adaidaita.