Yawan ambaton masani shi ne gaskiyar bincikensa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Kakata ta fara gigin tsufa, har sunayen jikokinta suna kuɓuce mata, shi ya sa nake son rubuta kundina a kan ƙwaƙwalwa da tsufa. A Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalun bincike, na ga wani masani da maƙalu ɗaruruwa, an ambace shi sau dubbai, ga kuma wata lamba da ake kira ma'aunin h. In riƙe duk abin da ya faɗa ke nan?

Amsa: Allah ya ba Kaka lafiya, ɗiyata, ya saka miki da kulawar da kike yi mata.

Ambato shi ne wani mai bincike ya kawo sunan maƙalarka cikin tasa. Ma'aunin h kuwa Jorge Hirsch, masanin fiziya a Amurka, ya fito da shi a 2005. In an ce na mutum 20 ne, to yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Lambar ba ta raguwa, don haka sau da yawa dattijo yana gaban matashi, ko da matashin ya fi shi kaifi. Kuma fannin ƙwaƙwalwa cike yake da masu bincike, ambato ya fi saurin taruwa a nan fiye da fannin da mutanensa ƴan kaɗan ne.

Lamba mai yawa tana nuna abokan aikinsa sun karanta shi, wannan kam ba abin rainawa ba ne. Amma ba ta rantse miki cewa ya yi daidai ba. Wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, shi ma ana ƙirga shi. A 2006 mujallar Nature ta buga wata maƙala kan wani nau'in furotin amiloyid da aka ce yana lalata tunanin ɓeraye. An ambace ta fiye da sau 2,000. A 2022 aka tono cewa an taɓa hotunan da ke cikinta, a 2024 aka janye ta. Shekara 18 tana tara ambato.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ɗauki gwajin MMSE na auna tunani da mantuwa, wanda Folstein da abokan aikinsa suka wallafa a 1975, yana cikin maƙalun likitanci da aka fi ambata a duniya. Maki 30 ne. Ana tambayar tsoho kwanan wata da shekara, a ce ya riƙa cire 7 daga 100, ya karanta umarni a takarda, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. To kawo tsohuwa mai ƙuli-ƙuli daga babbar kasuwar Maraɗi, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Za ta lissafa miki cinikin yini da dala-dala har jikka biyar ba ta ɓata ko ɗaya ba, watanni kuma da Azumi da Sallah take gane su. Miƙa mata alƙalami, sai ta faɗi gwajin alhali ƙwaƙwalwarta garau. Gwajin bai yi ƙarya ba, ba don ita aka tsara shi ba ne.

Saboda haka ki nemi aikin da aka yi a kan mutane irin namu. Tun 1992 masu bincike suka riƙa kwatanta tsofaffin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanapolis na Amurka, da gwajin da aka gyara don wanda bai yi boko ba, ana haɗawa da bayanin dangi. Sun samu cutar Alzheimer, mai kawo gigin tsufa, ta fi ƙaranci a Ibadan. Irin wannan ya fi kusa da gidanku.

Duk masanin da kika ɗauka, buɗe maƙalunsa biyu ko uku ki karanta da kanki. A kan wa aka yi gwajin, ɓera ko mutum? Mutum nawa? Wasu sun maimaita sun samu haka? An janye maƙalar ko tana nan?

Kaka kuma kada a jira kundinki. A kai ta likita ya auna jininta, ya duba bitamin B12 da aikin maƙoƙo da magungunan da take sha, domin wata mantuwar daga nan take, kuma tana jin magani.